Wayar da Zakariya'u Ya Zaɓa da Kunne

Shekara talatin da ɗaya Zakariya'u ya yi yana jan babbar mota. Daga Maraɗi ya fito yana saurayi, kuma kafin furfura ta kama shi babu ramin da bai sani ba a kan hanyar Wagadugu zuwa Yamai, ko ta Wagadugu zuwa Lome. A Wagadugu ya yi aure, a nan Shatu ta haifa masa 'ya'ya biyu, Zuhura da ƙanenta Muhsin. Lokacin da aikin ZACA, rusau ɗin sabunta tsakiyar birni, ya ci gidan da suke haya a wajen unguwar Peuloghin, sai ya kwashe iyalinsa ya koma unguwar Zongo, ya gina ɗaki uku da rumfa.

Ido ne ya sauke shi daga mota. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Ya fara cinye masa gani daga gefe, har cikin shekara biyu komai ya rufe. Mutane suka yi ta zuwa jaje, shi kuwa ya karɓi jajen na mako guda, a rana ta takwas ya sa babbar rigarsa ya ɗauki sanda ya ce da Shatu ya tafi tasha.

"Ka yi me a tasha?" in ji ta.

"Idon ne ya tafi," ya ce. "Kan yana nan, bakin ma yana nan."

Tun daga ranar ya samu wurin zama a kan benci, ƙarƙashin rumfar Ɗan Malam mai shayi. Aikinsa haɗa masu kaya da direbobi. Mai albasa na neman mota, mai mota na neman kaya, Zakariya'u ya san wanda zai kai kaya lafiya da wanda zai tsaya a hanya ya kwana biyu wurin wata. Kayan aikinsa duka ƙaramar waya ce mai madannai. Akwai ɗan tudu a kan lamba biyar, daga nan yatsansa ke gane sauran. Lambobin mutane kuwa a kansa suke, fiye da ɗari.

Haka aka yi shekara uku, sai ya lura wayar ta rage kuka. Wata Talata ya ji direbobi suna hira cewa Muhammad Bashir, wani babban ɗan kasuwar albasa na Galmi, ya nemi mota uku, har an ɗora kaya an tashi. Wannan mutum kuwa shekara goma sha suna hulɗa. Nan take Zakariya'u ya danna lambarsa.

"Alhaji, laifin me na yi?"

"Subhanallahi, Baba Zakari, babu laifi. A zauren direbobi na WhatsApp na ajiye saƙon murya, kafin in sha ruwa mutum shida sun amsa. Yanzu kowa can yake."

Zakariya'u ya kashe wayar, ya jujjuya ta a tafin hannu. Sannan ya ce da Ɗan Malam ya ƙara masa shayi, domin ya yanke shawara: wayar shafa zai riƙe.

Dariya aka yi a rumfar. Wani direba ya ce, "Baba, gilashi ne fa shimfiɗaɗɗe, babu abin da yatsa zai kama. Mu masu ido ma wahala yake ba mu."

"Ku masu ido komai ma wahala yake ba ku," in ji Zakariya'u, ya kurɓi shayinsa.

Maganar ta riga shi isa gida. Ranar Lahadi da hantsi, yana zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa, sai ga 'ya'yansa biyu kowa da abin da ya riƙo. Zuhura tana aiki a ofishin wata masana'anta a Kossodo, ita ta fara sa masa wayar da ta kawo a hannu. Sanyi gare ta, da ɗan nauyi, gefenta sumul.

"Baba, iPhone ce. Na canja wata, wannan taka ce. Na yi tambaya sosai, kowa ya ce ga wanda ba ya gani babu kamarta. Akwai murya a ciki da ke karanta maka duk abin da ka taɓa."

Muhsin, wanda ke gyaran babura a bakin titin Zongo, bai bari ta rufe baki ba. Ya cusa masa tasa a ɗaya hannun. "Baba, Android ce wannan, ita ma tana magana. Kuma ita ce a hannun kowa a tasha. *Franchement*, tsakani da Allah, Yaya, me Baba zai yi da iPhone? Gayu zai je yi?"

"Kai ka san abin da ake kira inganci? Kai da komai sai ka buɗe shi da sukundireba?"

"To ai abin da ke buɗuwa shi ke gyaruwa."

Suka kaure. Hausa ta ƙare suka koma Faransanci, Faransanci ya yi zafi suka zuba Mosanci, yaren garin, a kai. Zuhura na cewa tsarin tata a rufe yake, babu mai yi wa Baba kutse. Muhsin na cewa tasa ana iya juya ta yadda mutum yake so. Shatu tana gefe tana tsince wake. Zakariya'u ya bar su har suka fara maimaita kansu, sannan ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya.

"Wa zai riƙe wayar nan?"

Suka kalli juna.

"Na ce wa zai riƙe ta? Ke ce ko kai?"

"Kai ne, Baba," in ji Zuhura.

"Madalla. A cikinku akwai wanda ya taɓa rufe ido ya kira mutum da ita? Babu. To ku bar min su duka biyun. Ban taɓa karɓar mota a kan bakin dillali ba, sai na hau ta na ji kukan injinta a kan tudu."

Ya riga ya san wurin wanda zai je. Wani direba ya taɓa ba shi labarin wani Bamoshe a unguwar Cissin, Rasmane, wanda ya makance tun yana ƙarami, yake koya wa makafi aiki da waya a tsakar gidansa duk Asabar. Da Asabar ta zo Zuhura ta goya mahaifinta a babur suka tafi. An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo, shi kuwa yana baya yana gaya mata inda za ta rage gudu, don yana jin yadda taya ke cin ƙasa.

Rasmane mutum ne mai sanyin murya da yawan dariya. Suka gaisa da Mosanci, ya kama hannun Zakariya'u ya zaunar da shi kusa da shi. Akwai mutum takwas ko tara a tsakar gidan, kowa da waya a kunne, muryoyi na ta zuba da Faransanci da sauri kamar ana gwanjo.

"Laaji, me kake so waya ta yi maka?" in ji Rasmane, don haka bakinsa ke faɗin Alhaji.

Tambayar ta yi wa Zakariya'u daɗi, don babu wanda ya yi masa ita tukuna. "In ji saƙon murya, in mayar da amsa, in kira wanda nake so. Kuma kada in riƙa miƙa wa wani ya duba min. Sirrin masu kaya a hannuna yake."

"Duka biyun za su yi wannan. Kawo yatsanka."

Ya kunna muryar da ke cikin iPhone, ya ɗora yatsan Zakariya'u a kan gilashin. Wata mace ta yi magana daga ciki. Rasmane ya ce, "Duk abin da ka taɓa za ta faɗi sunansa, amma ba za ta buɗe ba. Ka ja yatsa dama, ta faɗi na gaba. Ka ja hagu, ta koma baya. In ka ji abin da kake nema, ka buga sau biyu a ko'ina."

"A ko'ina?"

"A ko'ina. Ba sai ka nemo wurin ba."

Zakariya'u ya ja, ta yi magana. Ya sake ja, ta sake. Faransancinsa na hanya ne, wanda ya koya a bakin jandarmomi da 'yan kwastan, don haka ya sa aka rage mata gudu har ta koma magana kamar mai ba yaro karatu. A karo na biyar ya buga sau biyu, sai ga wayar Shatu tana ringin a Zongo. Da ta ɗauka ya ce, "Ni ne. Da kaina na kira." Bai ƙara komai ba ya kashe. Zuhura tana tsaye a bayansa, ya ji ta ja hanci.

Aka koma kan Android. Muryar ta bambanta, wasu motsin yatsun ma sun bambanta, amma tushen ɗaya ne: ja, saurara, buga biyu. Abin da ya ba kowa dariya shi ne sunaye. Duk wayoyin biyu da bakin Bafaranshe suke karanta sunan Bahaushe. Da aka zo kan Ɗan Malam sai muryar ta shaƙe hanci ta faɗi wani abu da ko uwar da ta haife shi ba za ta amsa ba. Zakariya'u ya sa Zuhura ta sake rubuta sunayen yadda muryar za ta iya, wasu kuma ya ba su sunan gari. Muhammad Bashir ya koma Galmi kawai.

Kafin su tashi ya tambayi Rasmane, "Kai wacce za ka ce in ɗauka?"

"Ba zan ce ba," in ji Rasmane. "Ka yi mako guda da kowacce. Ni Android nake riƙe, ƙanwata ga ta can iPhone take riƙe, kuma kullum sai ta riga ni jin labari."

Da ta Zuhura ya fara. Kwana biyu na farko ya sha wuya. Ya kira wani mahauci sau uku ba da niyya ba, ya aika wa limamin unguwa saƙon da babu komai a ciki sai tarin Ɗan Malam. Bai ji kunya ba, ya ce ranar da ya fara koyon mota ma katangar wani ya rushe. Zuwa Laraba yatsansa ya faɗa. Aka sa shi a zauren direbobi, ya zauna a benci da waya a kunne yana sauraron saƙonni ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai. Ya ji daɗin wayar ƙwarai. Duk inda ya shiga a cikinta abubuwa a jere suke, iri ɗaya, kamar ɗakin mace mai tsabta.

Ranar Alhamis da azahar yana ƙoƙarin goge mata zufa da gefen riga, sai ta yi gum. Ya ja dama, shiru. Ya ja hagu, shiru. Direbobi suka taru. Wayar ta bi hannu wajen goma, kowa ya taɓa ya ce ta ƙi buɗuwa, don ba su san sai an buga sau biyu ba. Wani ya ce a kashe a kunna, wani ya ce ruwa ne ya shiga, wanda ya yi dariya tun farko ya ce, "Ai na faɗa."

"Ku ba ni abata," in ji Zakariya'u.

Ya ciro tsohuwar mai madannai daga aljihu, ya kira Rasmane, ya yi masa bayani. Rasmane ya yi dariya. "Laaji, kai ka rufe mata baki da kanka. Sa yatsu uku ka buga sau biyu."

Ya buga. Matar ta yi magana. Ya ɗaga wayar sama yadda kowa zai ji, sannan ya mayar da ita kunne ya ci gaba da sauraron saƙonninsa kamar babu abin da ya faru.

Mako na biyu ya koma kan ta Muhsin. Kwana ɗaya ya yi yana ruɗewa, yatsansa na neman hanyar waccan, daga nan ya saba. Muryarta ba ta kwanta masa kamar ta farko ba, amma ya tarar da wani abu da ya daɗe yana so. Layi biyu take ɗauka. Ya sa na Burkina, ya sa na Nijar wanda masu kayan Maraɗi da Galmi suka san shi da shi, wanda a da sai ya riƙa cirewa yana mayarwa da farce. Ranar Talata kuma ta suɓuce masa daga cinya ta faɗi a kan dakali, gilashin ya tsage. Ɗan Malam ya riƙe masa hannu suka tsallaka titi wurin Jibrin mai gyaran waya. Kafin la'asar an canja gilashi. Yana zaune a shagon ya tambayi Jibrin, in da ɗayar ce fa? Jibrin ya ce zai iya, amma shi ba ya ajiye kayanta, sai ya aika cikin gari an nemo.

Asabar ta gaba ya sake zuwa Cissin, wannan karon Muhsin ya kai shi. Ya bi mutanen tsakar gidan ɗaya bayan ɗaya yana tambayar abin da kowa ke riƙe da shi. Bakwai Android, biyu iPhone. Ya tambayi inda kowa yake zaune. Ashe ɗaya daga cikin bakwai ɗin, wata mata mai suna Zalissa, a nan bayan kasuwar Zongo take.

Ranar Lahadi ya tara 'ya'yansa a rumfa. Ya ajiye wayoyin biyu a kan tabarma, ya lalubo iPhone ya miƙa wajen da yake jin numfashin Zuhura.

"Karɓi, uwata. Ta Muhsin zan riƙe."

Muhsin ya fara wata 'yar dariya, uban ya juyo. "Kai, rufe bakinka. Ba kai ka ci ba. Da don daɗin aiki ne kawai, tata zan ɗauka. Ta fi kwanta min a kunne, kuma ban taɓa ɓata a cikinta ba sai ranar da na rufe mata baki da hannuna."

"To me ya sa, Baba?" Muryar Zuhura ta yi ƙasa. "Ni fa mai kyau nake so ka riƙe. Ba na so a ce don ba ka gani an ba ka ta kowa da kowa."

"Na sani. Saurara ki ji. Mutanena rabi suna Nijar, rabi suna nan, layi biyu nake buƙata a cikin abu ɗaya. Na biyu, ni makaho ne, zan yar da ita. Na yar, kuma zan sake yarwa. Ina son wadda in ta fashe da hantsi, Jibrin zai miƙo min ita kafin la'asar. Lokacin da nake tuƙi na ga motoci masu kyau da suka fi tawa komai, amma ban taɓa yarda na hau wadda in ta tsaya a Kantchari, can bakin iyakar Nijar, sai an jira kayan gyaranta daga Lome ba. Sannan in na rikice, akwai wata baiwar Allah a bayan kasuwa mai irin wannan, da sandata zan je in tambaye ta. Ke kina Kossodo, shugabanki ba zai sake ki don Baba ya danna abin da bai sani ba."

Zuhura ta karɓi iPhone ɗin. Ya ji tana jujjuya wayar a hannu.

"Akwai kuma wata magana," ya ce, "amma ba ita ce dalili ba, kada ki haɗa su. Kin ce kin canja wata. Mako uku ke nan ina jin abin da ke kuka a jakarki. Tsohuwar wayar mamanki ce, mai muryar kwaɗo, wadda aka jefa a akwati tun bara."

Shatu ta tuntsire da dariya daga bakin murhu. Muhsin ya ce, "Yaya! Da gaske?" Zuhura ta rufe fuska da mayafi, tana dariya tana share ido.

"Ba ki canja komai ba, taki kika ba ni," in ji Zakariya'u. "Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki fiye da haka. Na hau ta mako guda, na ji daɗinta. Yanzu ki mayar da layinki, ki daina jin kunya a ofis."

"Amin, Baba," ta ce. Can kuma ta ƙara, "Amma ranar da ta ba ka haushi, kada ka kira ni."

"Ke zan fara kira. Da ita."

Kafin damina ta ƙare, Zakariya'u ya ƙara wa muryar gudu sau biyu, har ta kai ba mai gane abin da take faɗa a rumfar sai shi. Saƙo na shigowa zauren direbobi, kafin masu ido su gama goge hannu daga tuwo ya riga ya saurara ya amsa. Masu kaya suka dawo, har da waɗanda bai taɓa hulɗa da su ba, don an ce akwai wani tsoho a Zongo da ba ya barin saƙo ya kwana.

Wata Juma'a dab da azahar wani direba mai suna Shafi'u ya zauna kusa da shi a benci, ya daɗe yana gyaran murya. Ƙato ne, shekararsa ashirin a hanya, amma bai taɓa shiga aji ba. Ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya.

"Baba, wannan matar da ke cikin wayarka, rubutu ma tana karantawa?"

"Duk abin da aka rubuto."

"Ni fa in mai kaya ya rubuto min, sai na nemi wanda zai karanta. Wani lokaci matata ce ta rubuto, in miƙa wa ƙato ya karanta min maganar gidana." Ya ciro wayarsa. "Tawa za ta iya?"

Zakariya'u ya miƙa hannu, Shafi'u ya sa masa wayar. Ya shafa bayanta, ya shafa gefenta, ya ce irin tasa ce. Ashe wasu direbobi biyu sun kasa kunne, suka matso suna cewa su ma a duba tasu.

"Ɗaya bayan ɗaya," in ji Zakariya'u. "Kuma ba yanzu ba, Galmi na jiran amsata. Ku je ku yi alwala. In an sauko daga masallaci kowa ya zo da wayarsa cike da caji, Shafi'u ne na farko. Ɗan Malam, ka ƙaro benci."